Ƙauyen da Na Ɓatar, Na Tsinto Shi a Nairobi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba kowane wuri gurbinsa.

A shekarar da aka canja takardun naira, lokacin da mutum kan yini a layin banki a Kafanchan ya koma gida hannu wofi, a daminar wannan shekarar na sami kaina a Nairobi, babban birnin Kenya. Shekarata hamsin da shida, kuma ban taɓa barin ƙasar nan ba sai sau ɗaya da na je aikin Hajji. Fasfon Hajjin ne ma ya jawo mini tafiyar. An turo wa ofishinmu na filaye gurbi ɗaya na koyon aikin taswira a kwamfuta, na wata uku. Wanda aka zaɓa ya duba fasfonsa ya ga ya mutu. Shugabanmu ya leƙo ɗakin zane ya tambaya ko akwai mai fasfo mai rai, na ɗaga hannu.

Ni mai zanen taswira ne, da alƙalami da rula, shekara talatin. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, in ya tashi daga aiki kuma sai ya zauna a zaure yana kwafar littattafai da hannu. Shi ya koya mini ajami kafin in san boko, har yau kuma duk abin da na rubuta don kaina da ajami nake rubuta shi, a ɗan littafin da ba ya barin aljihun rigata.

Kafin in shiga labarin hanya, dole in faɗi abin da na ɗauko daga gida wanda ba ya cikin jaka.

Ina da aboki, Ticha Bitrus, tare muka yi firamare. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yana zaune a Ungwan Kanya, wani ƙauyen manoman citta a ƙetaren rafi bayan Godogodo. A da shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyen, kuma ɗaya daga cikin dattawan ikilisiyarsu. A shekarar Korona wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse ta bi ƙauyukan yankin tana auna wurarensu. Saura Ungwan Kanya aka rufe hanyoyi saboda cutar. Sai suka turo wa Ticha wani fayil, suka ce ya samo lambobin ƙauyen ya cike ya mayar. Ya zo wurina domin ofishinmu na da na'urar auna wuri, irin wadda ake riƙewa a hannu ta karɓo lambobi daga tauraron ɗan'adam. Muka ƙetare rafin tare, muka auna wuri biyar: majami'a, makaranta, mashigi, ramin da mata ke ɗiban ruwa, da filin da suka ware wa rijiya. Ina rubutawa yana leƙe, yana cewa wannan rubutun nawa mai tafiya da baya kada ya kai su wata ƙasa. Muka yi dariya. Da na dawo gari na cike fayil ɗin da hannuna, na tura da sunansa.

Amsa ta zo a layi ɗaya, cewa ƙauyen ba ya cikin yankin aikinsu. Ba a daɗe ba aka haƙa rijiya a ƙauyen surukan Ticha. Daga nan magana ta tashi, aka ce ya karkatar da rabon mutanensa ya ba dangin matarsa. Aka karɓe muƙamin sakatare daga hannunsa. Ba a kore shi daga bencin dattawa da baki ba, amma shi da kansa ya koma bencin baya, ba kuwa wanda ya ce ya dawo. Na je na yi masa jaje, na zagi mutanen birni da ba su san ƙasa ba. Bai taya ni ba, ya ce dai Ubangiji ya sani. Da ya ji zan yi wannan tafiya sai ya aiko mini da saƙo ɗaya, cewa in na ga masana in tambaye su yadda ƙauye ke fita daga yankinsa alhali bai motsa ba.

Zangona na farko filin jirgin Nairobi ne, da hantsi. Ina fitowa wani mutum mai kwat da kati a wuya ya kira sunana cikakke, ya ce makaranta ce ta turo shi. Sai daga baya na gane a jikin jakata ya karanta sunan, don ni na rubuta shi da manyan baƙaƙe saboda gudun ɓata. Ya ɗauki jakar da ladabi ya sa a mota. Muka yi tafiya mai ɗan nisa yana nuna mini gine-gine, yana tambayar lafiyar iyali. A wata unguwa mai yawan kantuna ya tsaya, ya ce in shiga can in sayi layin waya, shi zai jira. Na shiga, na fito. Babu mota, babu mai kwat.

Jakar ta tafi da rigar sanyina, da kwamfutar ofis, da kuka da yaji da acca da maiɗakina ta ɗaure mini. Abin da ya rage shi ne abin da ke aljihuna: fasfo, waya, hankici, takardar makaranta, da ɗan littafina. Ga sanyi, domin watan nan na sanyinsu ne, rana tana sama amma kamar ba ta aiki. Na tsaya a bakin titi ina kallon mutane suna wucewa da sauri, kowa da harshen da ban sani ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Da na ga azahar ta yi na ce bari in fara da abin da na iya. Na roƙi ruwa a wani shagon shayi, na yi alwala, na sami lungu na shimfiɗa hankici, na fuskanci gabas kamar yadda na yi tun ina yaro.

Ina cikin raka'ar farko sai na ji hannu biyu a kafaɗuna. A hankali aka juya ni zuwa hagu, aka sake ni. Na ƙarasa sallata a haka. Da na sallame na ga mai shagon ne, wani dogon Basomale mai jan gemu, sunansa Warsame. Da ɗan Turancinsa da ɗan Larabcina muka fahimci juna. Ya nuna mini arewa ya ce a nan garin can Makka take. Ni kuwa duk rayuwata in an ce alƙibla gabas nake ji, ban taɓa tunanin akwai inda Musulmi ke kallon arewa ba, alhali ni mai zanen taswira ne.

Ya ba ni shayi mai kayan ƙamshi da gurasa, ya saurari labarina yana girgiza kai yana cewa “pole”, wato sannunsu. Ya shiga ciki ya fito da wata rigar sanyi mai ruwan toka, hannunta ya fi nawa tsawo, ya sa mini da kansa. Sannan ya rufe shagon, ya raka ni tasha, ya sa ni a ƙaramar motar hayar da suke kira matatu, ya yi wa kwandasta dogon bayani har da nuna shi da yatsa. Allah ya saka wa wannan bawa nasa da alheri. Shi ne ya hana ni tsanar garin tun ranar farko.

Zango na biyu makaranta. Mu ashirin da ɗan wani abu ne daga ƙasashen Afirka daban-daban, kuma kusan duka na haife su. Suna kirana Mze, wato dattijo. Da yatsa biyu nake buga kwamfutar da aka ara mini, kafin in gama layi ɗaya sun gama shafi. Abinci kuwa tuwon masara ne mai tauri da ganye, kullum. In na rufe ido sai in ga faten acca yana turiri, in ga dutsen Kagoro da safe bayan ruwa ya ɗauke. A mako na biyu mura ta kwantar da ni kwana huɗu, har na yi niyyar roƙon a mayar da ni gida. Malamarmu, Madam Wanjiru, ita ta aiko mini da kunun gero a filas, da takarda cewa ta ajiye mini darasi mafi daɗi, kada in mutu kafin in gani.

Mace ce gajera mai furfura, ba ta ɗaga murya. Ranar da na dawo aji ta ce za ta buɗe mana taswira. Na gyara zama ina jiran hoto, sai na ga rubutu ya cika allo. Ta ce wannan ita ce taswirar, hoton da muke gani riga ce kawai da na'ura ke sa mata. Ta nuna mana yadda kowane abu ke zaune tsakanin alama biyu, ɗaya ta buɗewa ɗaya ta rufewa. Alama ta buɗe ta ce ga wuri, a cikinta wata ta buɗe ta ce ga sunansa, ta rufe, wata ta ce ga lambobinsa, ta rufe, sannan babbar ta rufe a kansu duka. Rijiya lamba biyu ce. Hanya jerin lambobi ce. Gona jerin lambobi ce da ƙarshenta ke komawa inda ta fara, in bai koma ba na'ura ba za ta karɓa ba. Irin wannan tsarin rubutu na yi wa bayani alama shi ne ake adana wurare da shi, ake kuma aika su daga hannu zuwa hannu.

Ina kallo sai na ga zauren mahaifina. In zai kawo maganar wani malami a cikin littafi, da jan tawada yake buɗewa da “ƙala”, in maganar ta ƙare ya rufe da “intaha”, don mai karatu ya san inda bakin wani ya fara da inda ya tsaya. Ya kan ce mai kwafin da ya buɗe bai rufe ba ya jingina wa malami abin da bai faɗa ba. Na ɗaga hannu na faɗa mata haka, da Turancina na ofis. Ta karɓi ɗan littafina ta juya shi, ta tambayi ta ina ake farawa, ta ce wa ajin su daina tausaya wa Mze, ya riga su sanin darasin da shekara hamsin.

Daga ranar abin ya shiga raina. Shekara talatin ina zana taswirori da gara ke ci, da danshi ke manne su, da wani babba ke ara ya ƙi dawo da su. Ga shi wasu bayin Allah, waɗanda ba su san juna ba, sun zauna sun yarda da tsari ɗaya, ta yadda mutum zai rubuta gonarsa a Godogodo, wani ya buɗe a Nairobi da wata na'ura dabam, ya ga gonar nan da kusurwoyinta. Kuma ba a ɓoye komai ba. Rubutu ne a fili, duk mai ido zai iya buɗewa ya bi layi layi. Na kan zauna bayan an tashi ina karanta fayil ɗin wani kogi kamar mai bitar karatu, ina mamakin hikimar da Allah ya ba ɗan'adam.

A mako na shida ta ba mu aiki. Ta ce kowa ya rubuta garinsu da hannu a tsarin da ake kira KML, ba tare da duba littafi ba. Da na ga fayil ɗin na gane shi, irin wanda aka turo wa Ticha ne. Na cike da sauri, karo na farko da na riga wasu gamawa. Ashe tarko ta ɗana mana. Ta riƙa buɗe aikin kowa a babban allo. Wani ɗan Nairobi ya ga gidansu a tsakiyar teku kusa da Sifen, aji ya fashe da dariya, aka ce ya sayi kwalekwale. Wata 'yar Habasha ita ma tata unguwar ta faɗa ruwa. Da aka zo kaina alama ta sauka a cikin Najeriya, tsakiyarta. Aka yi mini tafi.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma idon mai zane bai bar ni ba. Na roƙe ta ta matso da hoton. Babu layin dogo, babu dutsen Kagoro, babu gari ma, sai daji da gonaki. Ta ja da baya kaɗan muka ga inda muke: can kudu maso gabas, wajen iyakar Filato da Nasarawa, hanyar gangarawa Binuwai.

Madam Wanjiru ta duba lambobina. Sannan ta ce wa ajin su daina dariya, wannan shi ne kuskure mafi haɗari a ɗakin. Ta bayyana cewa kowane wuri lamba biyu gare shi, ta arewa da ta gabas. Na'urar hannu ta arewa take fara nunawa, mu ma haka muka saba faɗa. Shi kuwa KML ta gabas yake so a fara rubutawa, kullum. Akwai wani tsarin, GML, wanda shi a cikin fayil ɗin ake faɗin ma'aunin da aka bi, jerin lambobin ya bi wannan ma'aunin. Duk wanda ya juya su a ajin nan, garinsa ya faɗa teku ko hamada, kowa ya gani. Ni kuwa ta arewata tara ce da ɗoriya, ta gabas takwas da ɗoriya. In an juya su ba a fita ƙasar ba, an dai tsallaka jiha.

“Kuskuren waɗannan ihu yake yi,” in ji ta. “Naka raɗa yake yi, Mze. Mutanen yankinku sai sun fi kowa kula.”

Ban ji sauran darasin ba. Rigar Warsame tana jikina amma sanyi ya shiga har ƙashina. Da aka tashi na tsaya, na nemo tsohon saƙon nan a wayata, na roƙe ta ta buɗe. Alama biyar suka sauka a dajin nan, majami'a da makaranta da ramin ruwa, a jere yadda muka auna su, a jihar da ba tasu ba. Na buɗe ɗan littafina muka gwada. Lambobin daidai suke, ko ɗaya ban ɓata ba. Ta juya su a cikin fayil ɗin, aikin da bai kai minti ɗaya ba. Hoton ya tashi ya yi tafiya ya sauka. Ga rufin majami'ar Ungwan Kanya, ga mangwaron da ke gabanta, ga rafin.

Na ba ta labarin Ticha duka. Sannan na ce, kuma ina jin kunyar wannan har yau, ai da na'urar ta kama kuskuren. Ta ce na'ura tana duba ko abin da aka buɗe an rufe, ko lamba ce a gurbin lamba. Fayil ɗina ba shi da aibi ta wannan fuska. Ko gaskiya ya faɗa, wannan aikin mutum ne. Ta nuna mini wani gurbi da ban taɓa kula da shi ba, inda ake rubuta bayanin fayil: wa ya auna, da wace na'ura, wa ya gyara, me ya gyara. Ta ce ita fayil ɗin da bai faɗi hannun da ya bi ba, ba ta yarda da shi. Ta turo mini kwamfutar, ta ce za ta je shan shayi.

Na zauna gaban gurbin nan na daɗe. A duk Kafanchan babu wanda zai taɓa gano abin nan. Ina iya komawa in ce masana sun duba sun ce matsalar na'ura ce, in zama wanda ya je ƙasar waje ya gyaro wa ƙauye lamarinsa. Shaiɗan ya shimfiɗa mini wannan hanya sumul. Ran nan ban rubuta komai ba.

Ranar Juma'a na je wurin Warsame kamar yadda na saba, na faɗa masa. Yana zuba shayi bai dube ni ba. Ya ce ranar da ya juya ni a salla, bai ga na yi masa musu ba. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na san kuma, tun a zauren mahaifina, cewa wanda ya kuskure alƙibla bisa rashin sani Allah mai rangwame ne gare shi, amma haƙƙin mutum sai an je wurin mutumin. Ranar Litinin na cike gurbin. Na rubuta cewa Bitrus ya nuna wuraren daidai, ni Idrisu na juya lambobin, ni kuma na gyara. Madam Wanjiru ta taya ni rubuta wa ƙungiyar. Suka amsa cewa wancan aikin an rufe shi, amma sun karɓi gyaran. Har yau da nake wannan rubutu ba a haƙa rijiyar ba, an dai zo an duba filin sau ɗaya.

Sauran makonnin na yi su da tunanin Ticha a raina, amma na yi karatu kamar ba ni ba. Ranar da zan taho na kai wa Warsame rigarsa, ya ƙi karɓa, ya ce ai ta saba da ni.

Zangon ƙarshe shi ne mafi wuya, kuma a gida yake. Ranar Lahadi da sassafe na hau acaɓa daga Godogodo, na tuɓe takalmi na ƙetare rafin. Na wuce mata uku suna hawowa daga ramin ruwa da robobi a ka. Na sami Ticha yana goge takalminsa na zuwa sujada. Ya yi murna, ya ce ga Bature ya dawo, ya tambaya ko yanzu rubutuna ya koyi tafiya gaba. Ban iya dariya ba. Na zauna a kan turmi na faɗa masa komai, na nuna masa a waya.

Ya duba, ya ci gaba da goge takalmi. Ya ce shi bai san gabas da arewa ba, amma tun a shekarar ya buga wa mutanen waya, suka ce masa lambobin wata jiha suke nunawa. Ya kuma san hannu ɗaya ne ya taɓa lambobin.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa, shekara uku.

“Malam Idi, kai ma ka san garin nan,” in ji shi. “In na tashi a gaban jama'a na ce Bahaushe daga Kafanchan ne ya rubuta, wa zai ce kuskure ne? Gara su ce Bitrus ya so surukansa. Wannan a kaina kaɗai zai tsaya.”

Na rasa inda zan sa idona. Ni da na zo masa jaje ina zagin mutanen birni, yana zaune yana kallona, ya san komai. Ya ce saƙon da ya aiko mini ma ba don in kama kaina ba ne, yana so ne ya san yadda abin ya faru kafin ya mutu. Yanzu ya sani, ya isa. Ya roƙe ni kada in yi magana a gaban mutane, ya ce zukata ba su gama hucewa da abubuwa da yawa ba. Na ce masa a wannan kam ba zan bi shi ba.

Na jira a gindin mangwaro har aka tashi daga sujada. Na nemi izinin fasto, ya tara mutane, aka fito da bencin dattawa inuwa. Ticha ya tsaya can baya. Na yi sallama, na faɗi sunana da na mahaifina, na ce ni ne na cike takardar rijiya, ni na ɓata ta, Ticha bai karkatar da komai ba. Na ji wani can baya ya ce dama.

Shugabar zumuntar mata, wata tsohuwa da ake kira Mama Saratu, ita ta matso har gabana. Ta tambaye ni, ido cikin ido, ko da gangan na yi. Na ce a'a, amma ba zan ce ta yarda da bakina ba, bari ta gani. Na buɗe fayil ɗin a waya, na ba fasto ya karanta lambobin da ƙarfi, aka ga rufin majami'arsu da mangwaron da muke tsaye a ƙarƙashinsa. Sannan na sake yin kuskuren a gabansu, na juya lambobin. Majami'ar ta tashi ta sauka a daji. Na mayar, ta dawo. Sai da na yi haka sau huɗu, wayar tana yawo hannu zuwa hannu. Fasto ya karanta musu gurbin bayanin, inda sunana yake.

Wani dattijo ya ce ashe shekara uku a Filato suke zaune, shi ya sa ba ya ganin 'yan siyasar Kaduna. Aka yi dariya, ba kowa ba. Mama Saratu ba ta yi ba. Ta ce shekara uku wuyansu na ɗaukar ruwa saboda lamba biyu. Na ce haka ne, Mama. Sannan ta juya wajen bencin dattawa, ta taɓa wani da sandarta ta ce ya matsa, ta ɗaga murya ta ce Ticha ya zo ya zauna, ko sai an aika masa da takarda.

Ya taho a hankali cikin mutane, takalminsa na ƙyalli. Ya zauna. Wasu suka zo suna ba shi hannu, wasu suka sunkuyar da kai suka wuce gida.

Da rana ta yi ya raka ni har bakin rafi. Na ce masa ban san da me zan biya shi ba. Ya tsaya yana kallona ina naɗe wando.

“Shekara uku ina riƙe maka kayan nan, Malam,” in ji shi. “Yau ka zo ka ɗauki abinka. Shi ke nan, ba ka da sauran komai a wurina. Ka kula da dutsen nan na tsakiya, yana da santsi.”

Na shiga ruwan, na taka inda ya nuna mini. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya kai ni Nairobi don in ga abin da ke ƙetaren rafi.